Haƙori Daga Bangon Kicin

Wani yanki na labarin nan ya sulale mini, gara in faɗa tun yanzu. Na manta yadda aka yi haƙorin ya fita. Wani lokaci sai in ga kamar murfin kwalba ya buɗe da shi, wani lokaci kuma in ga kamar tsani ne ya zame da shi. Abin da ban manta ba shi ne giɓin: a sama, a gaba, daidai inda ido ke fara sauka in mutum ya buɗe baki. Mai giɓin kuwa mutum ne da ba ya rufe baki.

Sana'arsa sa tayil. Shi ya raɗa wa kansa Injiniya, ya yi ta maimaitawa har unguwa ta gaji ta karɓa. In ka zauna da shi minti biyar za ka ji labarin benen da ya shimfiɗa wa tayil, santsinsa ya kai ƙuda ya sauka ya zame ya karye. Sai dai a lokacin da nake ba da labari wata biyu ke nan ba wanda ya kira shi aiki. Kullum yana gida yana shan shayi yana koya wa matarsa yadda ake shara.

Ita ce ta tura shi wurin likitar haƙori ran Litinin. Likita ta leƙa bakin da ɗan madubinta, ta ajiye, ta ce, “Hanya huɗu ce. Ta farko, a dasa maka ƙusa a cikin ƙashi, a jira wata uku ko huɗu ta kama, sannan a ɗaura haƙori a kai.”

“Fulogi da sukuru ke nan,” in ji Injiniya. “Ina yin ɗari kafin abincin rana. Wata huɗun na mene ne?”

“Ta biyu, gada. A ɗan fiƙe haƙoran nan biyu na gefe, a ɗora sabon a tsakaninsu su riƙe shi.”

“Wato a sassaƙe ginshiƙi mai lafiya don a ɗora linta. Likita, wa ya koya muku gini?”

“Ta uku, na cirewa. Da rana yana baki, in za ka kwanta ka sa shi a kofi.”

“Ni in kwana a gado, haƙorina ya kwana a kofi? Ai ba faɗa muka yi ba.”

“To ta huɗu, ka bar shi haka. Amma na gefen za su fara karkatowa.”

Yana shirin amsa wannan ma sai ya ji bugun guduma a bayan bango. Kunnensa ya miƙe. Ashe faɗaɗa asibitin ake yi: sabon ɗakin jira, da ɗakunan aiki biyu, duk an yi daɓe ana jiran tayil. Likita ta ce ran Alhamis da safe masu tayil za su zo, kowa da samfurin aikinsa, ta zaɓi ɗaya. Asibitin a bakin babban titi yake. Duk wanda ya yi aikin nan, rabin gari zai taka aikinsa yana tambayar wa ya yi.

Injiniya ya sauko daga kujera ya gyara wuyan riga. “Ki sa ni a layi. Samfurina da ƙafarsa zai zo.”

“Haƙorin fa? Wace hanya ka zaɓa?”

“Ta biyar.”

Kafin ya isa gida unguwa ta ji. Mene ne haƙori in ba ƙaramin tayil ba? Fari ne, mai ƙyalli, mai kusurwa huɗu, an jera shi da 'yan'uwansa. Zai yanka, ya liƙa, ya shafe, ran Alhamis ya tsaya gaban Likita ya yi murmushi kawai. Matar da ta ga mutum ya yi a kwana uku abin da take yi a wata huɗu, wa za ta ba aiki?

Ya fara da shagon tayil. Ya tsaya gaban kanta ya wage baki, yana ɗora samfur ɗaya bayan ɗaya a gefen leɓe.

“Wannan fa?”

“Wannan fari ne,” in ji mai shago.

“To ai fari nake nema.”

“Injiniya, wa ya ce maka naka farare ne? Bari in duba ko muna da kalar shayin da ya kwana.” Ya shiga ciki ya daɗe, ya fito yana karkaɗe hannu. “An daina kawo irin kalar nan. Sun ce ba ta tafiya.”

Ya dawo gida ransa a ɓace, ya shiga kicin ya haɗa shayi. Matarsa ta tafi kai ɗinki. Yana kurɓa yana kallon bakinsa a murfin tukunya, sai idonsa ya faɗa kan bangon da ke saman murhu. Shi ya sa tayil ɗin nan da hannunsa shekara goma sha biyu da suka wuce, fari fat. Tun daga ranar bangon ke shan hayaƙi, shi kuma yana shan shayi, sai ga shi sun haɗu a kala ɗaya kamar an auna.

Da yake mutum ne mai tsoron rigima, ya fara jawo firij ya duba na bayansa. Waɗannan hayaƙi bai kai gare su ba, suna nan da farinsu. Ba makawa sai na saman murhu, a fili, inda kowa ke gani. Ya sa kurfi da guduma ya ɓamɓaro ɗaya, ya tarwatse. Ya ɓamɓaro na biyu, ya tsage gida uku. Na uku ya fito lafiya. Amma mai tayil ba ya fara aiki ba na ajiya, don haka ya ƙara biyu. Ya buga ƙusoshi, ya rataye faranti a kan rami ɗaya, tire a kan biyu, kwanon suya a kan biyu. Ya ja baya ya duba, har ya ga kicin ɗin ya ƙara kyau.

Ran Talata ya kafa injin yankansa a ƙofar shagon ƙanin matarsa, mai walda, don nan ne ake samun wuta. Mai walda mutum ne mai furfura a gemu, amma bai taɓa barin mijin yayarsa ya sha ruwa cikin kwanciyar hankali ba. Ya kawo benci, ya kira maƙwabta.

“Ku zo, yau Yaya zai yi wa kansa kwangila.”

Injiniya ya zaro tef ɗin awo ya cusa bakinsa cikin giɓin, ya ce a karanta masa. Kafin mai walda ya sunkuyo, tef ya kuɓuce ya koma gidansa da gudu, ya tafi da fatar leɓe. Leɓen ya kumbura nan take.

“Nawa ka gani?” in ji Injiniya yana dafe baki.

“Da ko yanzu? Don wurin ya ƙara girma.”

Haƙori na farko ya fito da faɗin babban yatsa. Da ya gwada, wata mai kayan miya da ke wucewa ta tsaya ta tambaya ko ƙofa ake sawa. Na biyu injin ya fizge shi ya wurga tsallaken titi, aka ji ƙwas a madubin mai aski. Mai aski ya fito da almakashi a hannu yana neman wanda ya yi jifa, da aka yi masa bayani sai ya koma ya ɗauko kujerarsa ya zauna a sahun gaba.

Na uku kuwa, a gaskiya, ya yi kyau. Ya goge shi da magagari, ya bi da samfefa, ya tura shi cikin giɓin ya zauna ɗas. Injiniya ya juyo, ya ɗaga kai, ya ja numfashi don ya yi jawabi.

“Jama'a, kun ga abin da…”

Maƙoshinsa ya motsa sau ɗaya. Idanunsa suka fito.

“Ina haƙorin?” in ji mai aski.

“Ya shiga daga ciki,” in ji mai walda. “Yaya, in kawo siminti ka bi shi da shi? Kada ya yi ta yawo ba a liƙe ba.”

“Gwaji ne! Duk babban aiki sai an yi gwaji.”

Da yamma matarsa ta shiga kicin za ta soya albasa. Ta miƙa hannu ta sauke kwanon suya, ta ga rami. Ta sauke tire, ta ga rami. Ta sauke faranti. Sai ta tsaya ta kira shi da muryar nan mai sanyi da ya fi tsoro.

“Baban yara, zo ka gani. Bangona ma haƙoransa sun zube.”

“Aro na yi, Maman yara. In na samu aikin asibiti zan sake miki kicin gaba ɗaya, har rufi.”

“Likita ta ba ka hanya huɗu. A cikinsu akwai wadda ta bi ta kicin ɗina?”

“Ke ba ki san aiki ba.”

“Na san rami in na gan shi. Biyar ne.”

Ran Laraba ya yanka na huɗu, ya kuma rantse ba zai yi magana ba muddin yana baki. Amma Injiniya ba ya liƙa tayil sai ya ɗora ma'aunin lebur, sandar nan mai ƙwayar iska a cikin ruwa. Ya gitta ta a bakinsa kamar kare ya ɗauko rake, mai walda ya sunkuya yana karantawa.

“Yaya, bakinka gangare ne. In aka zuba ruwa, kunnen hagu zai nufa.”

Ya cire sandar ya duba madubi. Gaskiya ne, sabon haƙorin ne kaɗai a tsaye, sauran kowa da inda ya dosa.

“Ni ba na bin karkataccen layi,” in ji shi, bayan ya zare haƙorin daga baki. “Duk wanda ya jera waɗannan…”

“Kai, Injiniya, yi a hankali,” in ji mai aski. “Ka san Wanda ya jera su.”

“Astagfirullah. Jerin daidai yake. Ƙasa ce ta zauna.”

Ya yanke shawara sabon zai tsaya a kan ma'auni, tsofaffin kuma a cike tsakaninsu da farin siminti yadda ake shafe layin tayil, ido ba zai gane ba.

Ran Alhamis da sassafe sai wata matsala ta taso. Gam ɗin tayil yini guda yake so kafin ya kama, Likita kuma ƙarfe tara ta ce. Mai walda ya kawo nasa, wanda ake haɗa kwalba biyu a liƙa ƙarfe da shi, ya ce wannan kafin ka ƙirga ɗari uku ya zama dutse. Don Allah ya gani, ya ƙara da cewa bai taɓa ganin an sa shi a baki ba.

“Don ba ka taɓa ganin injiniya ba ne,” in ji Injiniya.

Ya kwaɓa gam da farin siminti a murfin gwangwani. Ya shafa a bayan haƙorin, ya shafa a dasashi, don shi ba ya rowar kwaɓi. Ya tura, ya ɗan ƙwanƙwasa da gudumar roba sau uku, har hawaye ya zubo masa. Ya bi tsakanin haƙoran gaba duka ya cike da yatsa. Saura abu ɗaya: sabon tayil sai an danne shi da nauyi.

“Zan cije. Minti goma kada wanda ya yi mini magana.”

“Allah Ya sa awa goma,” in ji matarsa.

Ya cije. Kwaɓin da ya yi yawa ya matso ta ƙasa, ya bi haƙoran ƙasa ya zauna. Bakin ya ɗauki zafi kamar ya guntsi barkono, amma ya daure, don gwani ba ya raki. Da minti goma suka cika ya ɗaga hannu alamar a matso a gani. Ya yi yunƙurin buɗe baki. Ya sake yunƙurawa. Jijiyar wuyansa ta tashi.

“Mmmm,” in ji Injiniya.

Matarsa ta dubi ƙaninta. Ƙanin ya dubi sama.

“Yaya,” ya ce da ita a hankali, “addu'arki ba ta da wasa.”

Suka gwada ruwan ɗumi, suka gwada cokali. Mai walda ya ce yana da ɗan ƙaramin injin da zai raba su cikin minti ɗaya, Injiniya ya ruga bayan ƙofa. Ƙarfe tara saura kwata. Ya tsaya gaban madubi ya ɗage leɓɓa. To, in ba a buɗe ba, ai aikin ya yi kyau: jeri guda, sumul, ba ko tsaga. Ya sa rigarsa mai aljihu huɗu, ya soke fensir a kunne, ya nuna titi.

Ɗakin jira a cike yake da masu riƙe da kumatu. Masu tayil biyu sun riga shi, kowa da allon samfurinsa a jingine da gwiwa. Ɗayansu wani dattijo ne mai shiru, wanda hannunsa ya yi kanta saboda siminti. Bayan Injiniya kuwa ga matarsa, ga mai walda, ga mai aski da ya rufe shago, ga mutum bakwai ko takwas da ba haƙorin da ke damunsu.

Likita ta duba allunan biyu, sannan ta juyo. “Malam, ina samfurin da zai zo da ƙafarsa?”

Injiniya ya matso tsakiyar ɗaki, ya sa hannu a ƙugu, ya ɗage leɓɓa.

Wata tsohuwa da ke riƙe da kunci ta saki kuncin ta yi salati. Likita ta matso, ta ja baya, ta sake matsowa.

“Buɗe in gani.”

“Mmm-mm.”

“Ya ce yau ba a takawa, sai ya bushe,” in ji mai walda. “Ni ne tafintansa.”

“Da me ka liƙa?”

“Mmmf! Mm-mm-mmf!”

“Ya ce sirrin sana'a ne. Amma rabin sirrin daga shagona ya fito, ana liƙa tankin ruwa da shi.”

Likita ta juya wurin Injiniya. “In na ba ka ɗakunan nan uku, yaushe za ka gama?”

Ya ɗaga yatsu huɗu da alfahari.

“Wata huɗu,” in ji mai walda.

“MMMM!”

“Afuwan. Shekara.”

Injiniya ya kai masa duka da hula. Likita ta ce, “Akwai wanda ya taɓa kuka da aikinka?” Ya girgiza kai da ƙarfi har fensir ya faɗi.

“Akwai bangon kicin ɗina,” in ji matarsa. “Da yana da ƙafa da ya biyo mu.”

Ganin magana na neman lalacewa, Injiniya ya yanke shawarar ya nuna aiki a aikace. Ya ɗage labulen ledar da ya raba tsohon gini da sabo, ya shiga da sauri, ya durƙusa, ya share daɓen da tafin hannu don ya nuna inda zai fara layi. Ƙurar siminti ta tashi ta shige masa hanci.

Ya miƙe a hankali. Hancinsa ya motsa. Ya toshe shi da yatsu biyu, ƙirjinsa ya cika, idanunsa suka kawo ruwa. Duk wanda ke wurin ya gane abin da ke tafe, ya kuma gane ba ta da ƙofar fita.

“Ku kwanta!” in ji mai walda.

Atishawar ta zo da ƙara kamar an fasa tulu. Bakin ya buɗe. Wani farin abu ya fita kamar harsashi, ya daki ƙofar ƙarfe, ya dawo ya yi ta sulu a kan daɓe har ya tsaya a gaban takalmin dattijon nan mai shiru.

Dattijo ya sunkuya ya ɗauka. Haƙora biyu ne manne da juna, ɗaya da saiwarsa. Ya ƙwanƙwasa da farce kusa da kunnensa, yadda masu tayil ke yi in suna neman inda bai kama ba.

“Ba rami,” ya ce. “Ya kama.” Ya juya shi a haske. “Wanne ne na tayil ɗin?”

Likita ta karɓa ta sa tabarau. Ta daɗe tana dubawa, fiye da yadda ta yi niyya.

Injiniya na tsaye da giɓin da yatsu biyu za su shige, jini na bin haɓarsa, ɓarɓashin siminti a gemu. Awa biyu bai yi magana ba, abin da bai taɓa faruwa da shi ba tun da ya koyi magana. Ya share baki, ya nuna hannun Likita, iska na fita ta giɓin tana fito.

“Kun gani da idonku! Nawa bai saki ba. Na asalin ne ya saki!”

Ɗakin ya kece. Masu ciwon haƙori suna dariya suna kuka, suna riƙe da kumatu suna roƙon a bari. Mai aski ya zauna a ƙasa. Matarsa ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Likita ta kama hannun rigarsa ta ja shi zuwa kujera.

“A da hanya huɗu gare ka. Ginshiƙin da za a ɗora wa gada ga shi a hannuna, dasashinka kuma ya ƙone, sai ya warke kafin a yi maganar komai. Za ka riƙa zuwa kullum da safe. Buɗe.”

“Likita, maganar aikin…”

Ta cusa masa auduga.

A makon nan na bar garin, na daɗe ban koma ba, don haka ƙarshen ya zo mini kala biyu. Wasu suka ce dattijo aka ba aikin, wasu suka ce Injiniya. Ko dasa masa aka yi daga baya ko na kofi ya karɓa, an gaya mini, amma shi ma ya sulale.

Bara dai turmin haƙorina ya kai ni asibitin nan, na tambayi Likita da bakina. Ta ce Injiniya ta ba, don yankan da ta gani a tafin hannunta ba na wasa ba ne. Kullum da safe sai ta wanke masa dasashi, ta cika masa baki da auduga, ta ce kada ya cire sai yamma, sannan ta tura shi bayan labule. Ta ce bayan mako guda ya daina bukatar audugar, amma ba ta ga dalilin gaya masa ba.

Na bi daɓen da sandata daga bango zuwa bango. Ban taɓa taka aiki mai kyansa ba, layi miƙe kamar an ja da zare. Sai a bakin ƙofar fita na ga layi uku sun karkace, sun yi hagu sun yi dama kamar sawun maciji. Na nuna mata da sanda.

“Ranar nan na yi tafiya,” in ji ta. “Ba wanda ya sa masa auduga.”